Wankan Jego a Ɗakin Yaya Habu

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da kuke yi ƙasa-ƙasa in an ambaci Kawu Habu, kuna tsammanin kunnena ya mutu. Bai mutu ba. Ranar idi na ji wata jikata ta nuna wa 'yar'uwarta hotonsa da ke jikin bango, ta faɗi wata kalma ta Turanci irin wadda suke tsinta a waya, suka toshe baki. Ban yi mata faɗa ba, ba ta san shi ba, abin da aka zuba mata a kunne ta maimaita. Amma tunda an fara rabon maganar tun ina da rai, gara in faɗi tawa. Ban yi karatu mai nisa ba, kada ku nemi shekara kaza da wata kaza a wurina. Abin da idona ya gani zan rubuta.

Habu yayana ne, ciki ɗaya. Iyayenmu sun taso da mu daga ƙasar Kazaure da niyyar hajji, ƙafa da mota, ana tafe ana tsayawa neman guzuri. Baba ya rasu a Chadi, Inna ta bi shi a gonakin auduga na Sudan, ina ƙarama ban ma iya ɗaura zane ba. Habu ne ya goya ni har bakin teku. Shi ya yi mini kitson farko da nake iya tunawa, shi ya koya mini tuƙa tuwo, shi ya zauna da ni ranar da na fara ganin al'ada ina kuka ina cewa mutuwa zan yi. Muryarsa siririya ce, in yana magana hannunsa yana lanƙwasa, in ya yi dariya sai ya tafa. Ba ya iya zama cikin maza ya daɗe, sai ka gan shi ya zame wajen murhu. Haka Allah ya yi shi, haka na buɗe ido na same shi.

Kuma duk inda muka sauka, akwai suna yana jiran sa tun kafin mu sauke kaya. 'Yan garinmu a zango suna ce masa ɗan daudu. A Sudan suka ba shi nasu, wanda yara ke rerawa kamar waƙa. Da muka iso Madina sai na Larabawa, mukhannas, mai nauyi, wanda ba a faɗa da wasa, don yana iya kai mutum hannun hukuma. Ni yarinya ce mai tsoro, komai ina lura da shi, sai na lura da wani abu. Sunan ba ya tsayawa ɗaya. In an yi ta faɗar wannan har ya daina zafi a baki, sai a nemo wani. Kamar tsumman goge tukunya, in ya yi baƙi a jefar a yago sabo, tukunyar dai ita ce. Kada ku tambaye ni abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Ban taɓa ganin sa da wani abin kunya ba, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ya gani da idonsa ba. Na ga tafiyarsa, na ji muryarsa, su ma iyakar abin da suka gani ke nan. Na kuma ga asuba ba ta wuce shi a Harami.

Ya kama ɗaki a lungunan bayan Harami, waɗanda aka rushe daga baya da aka faɗaɗa masallaci. Yanzu wajen duk otel ne da marmara, ba za ku gane ba. A ƙofar ɗakin yake dafa tuwo da miyar kuka yana sayar wa alhazan ƙasarmu waɗanda shinkafar Larabawa ta gundura. Ba shi da iƙama, wato takardar zama. Ni na samu tawa ta hanyar aure, shi kuwa yana nan kamar yadda mutane da yawa suke a lokacin, in an ce 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, sun shigo lungu sai a rufe ƙofa a yi shiru.

Babanku Usman haifaffen Madina ne, kakanninsa suka zo, yana da takardar ɗan ƙasa. Gidansu yana Aziziya, gidan siminti mai bene, inda ake jin Hausa amma rabin amsar da Larabci ake ba ka. Babban gidan shi ne yayansa Sulaiman, ma'aikacin ofis, mai farar jallabiya wadda ba ta taɓa sanin hayaƙi ba. Sai mahaifiyarsu, Umma Safiya, tsohuwa 'yar Damagaram, ƙafafunta sun riƙe, tana zaune a tabarma tana jan carbi tana ganin komai. Sun karɓe ni, ban ce ba su karɓe ni ba. Amma ranar ɗaurin aurena wani limami aka sa ya yi mini walicci, aka ce da Habu ya ji da tukunya. Ya ji da ita kuwa. Ina amarya ban san zafin abin ba sai daga baya.

A shekarun nan aka fara manyan gine-gine a Yanbu, matatar mai da masana'antu, Usman ya samu aikin walda a can. Yana tafiya ya yi kwanaki, ya dawo ranar Alhamis da ƙurar hanya da labarin Turawa. Ina son labaran. Yadda suke cin abinci a tsaye, yadda fatarsu ke saɓulewa in rana ta doke su. Wata Alhamis, cikina ya tsufa, ya zo da wani sabon labari. Ya ce akwai wani Bafilifine mai yi musu girki a sansani, tafiyarsa sak ta Habu, Turawan kuma sun cika shi da sunaye. Ya ce abin mamaki, su ma ba su daidaita a kan suna ɗaya ba. Tsohon Baturen Ingila da ke shugabantar su yana kiran sa da sunan wani ɗan fure, fansi, sai samarin Amurka su yi masa dariya su ce wannan kalmar ta zamanin kakanni ce, ta mutu tuni. Su nasu daban. Akwai mai nufin 'yar aljana mai fiffike, akwai mai nufin sarauniya, akwai mai nufin ɗan itacen marmari. Tsohon ya ce a garinsu da can cewa ake mutum lanƙwasasshe ne. Akwai kuma wata gajeruwa da aka ce masu abin ne suka zaɓar wa kansu don sun gaji da na mutane, har ita ma ta fara zama zagi a bakin samarin. Ina jin ita ce jikata ta faɗa.

Na ce, "To duk wannan tarin suna, shi mai girkin ba shi da wanda uwarsa ta raɗa masa?"

Usman ya yi dariya ya ce, "Wallahi ban taɓa tambaya ba."

Ba mugun mutum ba ne babanku, Allah ya jiƙansa. Saurayi ne da ya samo sabon abin wasa a wurin aiki, yana so ya nuna a gida.

Na haifi yayanku Haruna ranar wata Lahadi a asibiti, aka dawo da ni Aziziya. Haihuwar fari, ba uwa, ba inna, ba goggo. Tsoro ya cika ni har ban san inda zan ajiye shi ba. In yaron ya yi barci sai in kara kunnena a hancinsa in ji ko yana numfashi. In ya yi kuka in ce ciwo ne, in ya yi shiru in ce ya fi muni. Matan gidan haifaffun nan ne, suka ce wankan jego da tafasasshen ruwa aikin ƙauye ne, likita ya hana. Umma Safiya ta san ba haka ba ne, amma ba ta iya ɗaga bokiti. Ni kuwa na taso ina jin cewa mai jegon da ba ta yi wanka ba sanyi ke shiga jikinta ta kumbura ta mutu. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, na yarda da shi a lokacin har cikin ƙashina, ina duba ƙafafuna ina latsawa.

Washegari da hantsi sai ga Habu a tasi, da babbar tukunyarsa ta tuwo wadda ya wanke tas, da ganyen darbejiya da ya roƙo a wani lambu, da kwanon kunun kanwa a naɗe da tsumma. Ya hura wuta a bayan gida, ya tafasa ruwan, ya kai mini har ƙofar banɗaki, ya juya baya ya tsaya daga waje yana ba ni umarni.

"Ki tsoma ganyen ki fyaɗa a baya, Rakiya. Ba shafawa na ce ba, fyaɗawa."

"Yaya, zai ƙona ni!"

"Ai ba ki dahu ba tukuna. Ni da ke wa ya san tukunya?"

Ran nan na fara dariya tun da na haihu. Da na fito ya zaunar da ni ya ɗura mini kunu, ya ɗauki Haruna ya gasa masa cibiya da ɗan tsumma mai ɗumi, ya ce yaron lafiyarsa ƙalau, uwar ce ke buƙatar magani. Kullum haka, ya rufe sana'arsa ta safe ya zo. Umma Safiya tana kallo daga tabarmarta. Sau ɗaya na ji ta ce masa, "Habu, hannunka na tsofaffin mata ne." Ya ce, "Na gode, Umma." A bakinta yabo ne, shi ma haka ya karɓa.

Ranar Alhamis Usman ya iso da la'asar. Suka zauna a majalisa shi da Yaya Sulaiman ana shirin suna, Habu ya dafa musu shayi ya kai. Ɗakina yana jikin majalisar, labule ne kawai tsakaninmu. Na ji ƙarar kofuna, na ji Usman ya ce da yayansa ƙasa-ƙasa, "Shuf, duba, ga fansi ya kawo shayi." Sulaiman ya tambayi ma'anarta da Larabci, Usman ya raɗa masa, suka fashe da dariya. Abin da ya fi ƙona ni, sun faɗa a gabansa ne don sun san bai ji ba. Da Hausa ba za su iya ba, da Larabci ya yi nauyi. Turancin ya ba su wurin ɓuya.

Habu ya shigo wurina ɗaukar kwanon kunu, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce, "Yaya, ka san abin da suka ce?"

Ya ce, "A'a. Amma na san dariyar. Ita ba ta da yare."

Bayan ya tafi, Sulaiman ya tsaya daga bayan labule ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce ranar suna abokan aikinsa za su zo, Larabawa, da manyan unguwa. Ya ce Habu zai dafa abincin suna, babu wanda ya kai shi, amma a ɗakinsa zai dafa, a aika mota ta ɗauko. Ba sai ya zo ba.

Na ce, "Kawun yaron ne fa, Yaya."

Ya ce, "Na sani, ya ukhti, 'yar'uwa. Mu mun sani, ya isa. Aib ne a ce wannan ne khalin ɗanmu, kawunsa, a gaban mutane. Kuma ki rage ba shi yaron yana ɗauka. Namiji ne. Hali yana bin hannu."

Na dubi inda Usman yake ta gefen labule. Yana juya kofi a hannunsa, idonsa a ƙasa.

Ku da kuka san ni da baki yanzu, ba za ku yarda ba in na ce a lokacin ko tsawar mota tana sa ni rawar jiki. Ban taɓa mayar wa Sulaiman magana ba. Ban kuma mayar ran nan ba. Na koma na zauna ina kallon yaron, maganar nan ta hali yana bin hannu tana ta kai komo a kaina. Ai hannun nan ne ya rene ni. In hali yana bin sa, to ni ce farkon wadda ya kamata su kora. An ɓoye shi ranar aurena, za a ɓoye shi ranar sunan ɗana, gobe yaron zai tashi ya ga wani mai tuwo a lungu ya kira shi da abin da ya ji babansa yana faɗa. Wannan ne na ga ba zan iya ba.

Da safe bayan Habu ya zo na yi wanka ya tafi, na ɗaure kayana a zane, na naɗe Haruna, na sa abaya. Na je gaban Umma Safiya na durƙusa. Sulaiman da Usman suna karyawa a tsakar gida.

Na ce, "Umma, tambaya na zo yi. A garinku, mace in ta yi haihuwar fari, ina take wanka?"

Ta daina jan carbin. Ta dube ni, ta dubi ƙullin kayan. Ta gane.

Ta ce, "Gidan ubanta."

"In uban ya rasu fa?"

"Gidan wanda ya tsaya a madadinsa."

"Ragon suna fa, ina ake yanka shi?"

Sulaiman ya ce, "Ummi!" Ba ta ko waiwaye shi ba.

Ta ce, "Inda mai jego take. Ni ma a gidanmu aka raɗa maka suna, Sulaimanu, ubanka da 'yan'uwansa suka tako har ƙofarmu. Ba zan yi ƙarya da bakin da nake salati ba."

Sulaiman ya miƙe ya ce wannan al'adar can ce, nan Madina ce, kuma ɗakin mai tuwo ba gida ba ne. Na ce masa, "Shi ne gidan da nake da shi." Usman ya ce, "Rakiya, khalas, ya isa, ki zauna mu yi magana." Na ce maganar an yi ta jiya, ina jin ku, ba ka sa baki ba. Na fita titi da jariri ɗan kwanaki, jikina duk ciwo, na tsayar da tasi da kaina, abin da ban taɓa yi ba.

Kada ku ɗauka Habu ya yi murna. Yana tuƙa tuwo ya gan ni, muciyar ta kusa faɗi daga hannunsa.

"Ke! Me ya fito da ke? Kin haukace?"

"Wankan gida na zo."

"Wane gida? Nan? Ki koma tun kafin su yi fushi. Ni ba na son suna, ba na son taro. Na saba, Rakiya."

Na ce, "Ni ce ban saba ba."

Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya ce in san fa abin da nake jawo masa, shi ba takarda gare shi ba, zamansa a lungun nan na wanda ba a lura da shi ne, taro kuwa ido yake kawowa. Na ce na sani. Na ce in ya ce in koma, zan koma, amma ya dube ni ya faɗa. Ya dube ni ya daɗe, ya dubi yaron. Sai ya tashi ya share ɗakin, ya shimfiɗa mini katifarsa, ya kwashe tabarmarsa ya kai soron maƙwabcinsa, wani tela mutumin Abeche. Ya ce, "To tunda kin zo, ruwan yamma ya kusa, kada ki ce mini da zafi."

Kwana biyun nan ban san yadda na yi su ba. Babu wanda ya zo daga Aziziya, babu saƙo. In na ji takun takalmi a lungu sai in leƙa taga. Ina tunanin ko saki zai zo, ko su zo su ƙwace yaron, don shi ɗan ƙasa ne ta wajen uba, ni kuwa 'yar zaman aure. Ina tunanin yaron da za a ce ya kai kwanan suna ba a yanka masa rago ba. Habu kuwa ya shiga sayen shinkafa da albasa kamar an ce masa duk Madina za ta zo. Na ce in ba su zo ba fa? Ya ce alhazai ba sa ƙin abinci.

Ranar suna, bayan an sauko daga asuba gari ya yi haske, na ji kukan rago a bakin lungu. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka da ƙafa suka shigo. Na leƙa ta tagar katako. Usman ne a gaba yana jan ragon, ragon yana turjewa, farar rigarsa duk ta ɓaci. Bayansa limamin unguwarsu, da wanzami, da wasu abokansa biyu na Yanbu, sai wasu samari ɗauke da Umma Safiya a kan kujera kamar yadda ake ɗaukar tsofaffi a ɗawafi. Sulaiman bai zo ba. Abokan ofis ba su zo ba. Mutanen lungu ne suka cika wurin, teloli da masu wanki da alhazan da suka zo sayen koko suka tarar da biki.

Usman ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Habu ya fito yana goge hannu, ya rasa ko ya tsaya ko ya koma wajen tukunya. Liman ya ce, "Ina mai gida? A ba mu izini mu zauna." Usman ya nuna shi. Habu ya buɗe baki, siririyar muryar nan ta fito a gaban maza duka, ya ce, "Bismillah, ku zauna." Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Ba wanda ya taya shi, ta mutu.

Da aka zo aski, al'ada tsohuwa ce ke riƙe jariri. Umma Safiya ta ce hannunta yana rawa, a ba Habu. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu ya kwantar da Haruna a cinyarsa, ya tallafe kan da tafin hannu, wanzami yana aski. Ina kallon babanku. Ya ga hannun a kan ɗansa, ya kalla sosai, bai kawar da kai ba, bai kuma ce a karɓe shi ba.

Na gama wankana cif a ɗakin nan kafin na koma. Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Yaya Sulaiman bai ƙara cin abincin da na dafa ba har ya bar duniya, shi ya sa ba ku saba da 'ya'yansa ba, ba wai rigimar gado ba ce kamar yadda ake gaya muku. Muka bar benen Aziziya muka kama haya. Sannan bayan hajjin shekarar, lokacin da ake kamen waɗanda suka wuce wa'adi, 'yan jawazat suka shigo lungun. Ba su bi ƙofa-ƙofa ba. Kai tsaye suka nufi ɗakin Habu. Wani ne ya nuna. Ban san ko wane ne ba, ba zan ɗora wa kowa ba, har wanda kuke tunani. Amma ba zan ɓoye muku ba, mutumin da ya yi shekaru ba a lura da shi ba, ni na tara masa jama'a a ƙofa. Matan Aziziya sun gaya mini haka a fuskata, suka ce taurin kaina ne ya kore shi daga garin Manzo. Na ji. Ban ba su haƙuri ba, ba kuma zan ba ku ba.

An tafi da shi da sauran waɗanda aka kama Jidda, wurin da ake tsare mutane kafin a sa su a jirgi. Usman ya bar aiki ya ɗauke ni da Haruna muka bi su. Muka tsaya a rana a bakin shingen waya, mutane cike, kowa yana kiran nasa. Da ƙyar aka fito da shi. Ya rame, rigarsa ta yi datti, amma tafiyar tana nan yadda take. Askarin da ke gadi ya bi shi da kallo, ya murmusa, ya faɗi kalmar nan ta Larabci mai nauyi, da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Sannan ya dubi Usman, ya ga ɗan ƙasa da takarda a hannu, ya ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da wannan? Kukunku ne?"

Da Usman ya ce e, da an wuce wurin, babu wanda zai ƙara kallon sa.

Ya ce, "La. Khal waladi. Kawun ɗana ne, yayan matata. A gidansa aka raɗa wa yaron nan suna."

Askarin ya ɗaga kafaɗa. Bai sake shi ba, takarda ba ta san kawu ba. Amma ya matsa gefe ya bar mu muka kusanci wayar. Habu ya zuro yatsunsa ta ramin, Haruna ya kama ɗaya ya kai baki. Ina kuka ina cewa ni ce, ni na jawo.

Ya ce, "Ke dai kin cika surutu. Tun da nake, sau ɗaya aka taɓa neman izinina kafin a zauna. Kina so in mayar?"

Na ce a'a.

"To share fuskarki, ki gyara wa yaron hula, rana tana dukan sa."

A Kano ya ƙarasa rayuwarsa, yana tuwo a bakin tasha, can aka binne shi ba a Baƙi'a, makabartar Madina, ba inda ya so. Wannan shi ne abin da aka biya, shi ya biya fiye da ni, na sani. Da za a mayar da ni safiyar nan, da jaririn a hannu da tsoron a ciki, tasin nan dai zan sake tsayarwa.